Yadda Ake Neman Kuɗin Binciken Lafiya Daga Damagaram

Wannan bayani na likita ne, ko ɗan laburatuwar, ko ɗan farmasi, ko malamin Tsangayar Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar André Salifou da ke da tambaya a ransa amma albashinsa ba zai iya ɗaukar nauyinta ba. Na sha rubuta takardun neman tallafi, na sha duba na ƙanne kafin su aika. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin takardun da ke fita daga nan ba ƙarancin ilimi ke kayar da su ba. Wata ko karanta ta ba a yi ba, don an rasa hatimi guda. Wata tambayarta ta fi ƙarfin kuɗin da ake bayarwa. Wata kuma kasafinta ne ya nuna cewa mai ita bai taɓa fita ƙauye da tawaga ba. A waɗannan wurare uku zan fi daɗewa.

Kayan da za ka tanada tun sanarwa ba ta fito ba

Sau da yawa tsakanin ranar da labarin tallafi zai iso gare ka da ranar rufewa bai wuce ƴan makonni ba. Wanda sai a lokacin zai fara bin ofisoshi ya riga ya makara. Ka buɗe jaka guda a kwamfuta, ka ajiye kwafinta a wani wuri daban, ka zuba waɗannan:

- CV kashi biyu, na Faransanci da na Ingilishi, kowanne da gajere mai shafi biyu da dogo.
- Hoton digirorinka da fasfo mai sauran rai, a fayil mai tsabta. Hoton waya mai inuwar yatsa ba ya shiga.
- Lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike ta duniya. Kyauta ce, lambobi 16, kuma masu tallafi da yawa ba sa buɗe maka fom sai da ita. Ka zuba duk abin da ka wallafa a ciki, ko da guda biyu ne.
- Shaidar horo kan ɗa'ar bincike. TRREE na bayarwa kyauta da Faransanci ta intanet, The Global Health Network ma na da darussan kyauta kan gudanar da gwajin asibiti.
- Takardun ma'aikatarka: dokar da ta kafa ta, cikakken sunanta na hukuma, bayanan asusun banki, da sunan wanda ke da ikon sa hannu a madadinta.
- Hanyar karanta mujallu. Nijar na cikin ƙasashen da ke samun Research4Life, shirin buɗe mujallun kimiyya ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kyauta, wanda sashensa na lafiya, Hinari, ya fara tun 2002. Ma'aikata ce ke rajista, ba mutum ɗaya ba, don haka ka tambayi mai kula da laburare. In babu rajista, PubMed da Europe PMC za su ba ka dubban maƙalu a buɗe.
- Zotero don tsara maƙalun da ka karanta, KoboToolbox don tattara bayanai da waya ko babu rezo, OpenEpi ko Epi Info don lissafin yawan mutanen da za ka ɗauka. Duk kyauta ne.

Sai layin waya na kamfani biyu da batir mai riƙe caji. Wanda ya san yadda kuran ke yi a watan Afrilu da Mayu ba sai an yi masa bayani ba.

1. Ka daddatse tambayarka har ta dawo daidai hannu

"Binciken zazzaɓin cizon sauro a jihar Damagaram" ba tambaya ba ce, suna ne na fage. Tambaya ita ce wadda za a iya amsa ta da lamba ko da e ko a'a, cikin wata goma sha biyu, da mutanen da kake da su.

Ga misalin da zan yi ta komawa kansa. Kowace damina ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata. Rana ta farko mai rabo ne ke bayar da sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine a gaban idonsa, rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayar da amodiaquine a gida. Daga nan tambayoyi biyu ke fitowa. Yara nawa ne cikin ɗari ke shan na rana ta biyu da ta uku a gundumar Magarya? Kuma a jinin yaran da zazzaɓi ya kama duk da rigakafin, sau nawa ake samun ƙwayar cutar da ta sauya halitta a wuraren da ake kira dhfr da dhps, wato alamun bijire wa magani? Ta farko takarda da waya take buƙata. Ta biyu ɗigon jini ne a kan takardar tacewa, a busar, a kai inda ake PCR, gwajin da ke duba ƙwayoyin halittar cutar. Kowacce furoje ce mai zaman kanta. Kuskuren sabon shiga shi ne ya haɗa su biyun, ya ƙara tamowa da amosanin jini, sannan ya nemi miliyan uku.

Kada ka raina abin da ke ƙofar gidanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar nan daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu. Mashaƙo ya ɓulla a Matamai a 2023. Noma, ciwon da ke cin fuskar yara, ya shiga jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023, kuma an daɗe ana kula da masu shi a Damagaram. Mai bincike a Landan ko Jeneba na da injuna, amma rijistar Babban Asibitin Damagaram da ta cibiyar uwa da yaro ba ta hannunsa. Wannan ne jarinka.

In ba ka da wani sakamakon farko da za ka nuna, ka nemi izini a rubuce daga shugaban asibiti ko daga ofishin kiwon lafiya na jiha, ka ƙirga abin da ke cikin rijista ko cikin DHIS2 (manhajar tattara alƙaluman lafiya ta hukuma) na shekara biyu ko uku. Jadawali guda na alƙaluman gida ya fi shafi uku na alƙaluman duniya da kowa ya sani.

2. Ka nemi mai kuɗin da ya yi daidai da matsayinka

Shawarata ga wanda bai taɓa riƙe kuɗin bincike ba ita ce ya fara da ƙarami. Manyan masu tallafi kan duba ko ka taɓa karɓar kuɗi ka yi lissafinsu daidai, kuma ƙaramin tallafi ne ke ba ka wannan shaida.

A matakin farko akwai RSTMH, ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Ingila, mai ba sababbin masu bincike na kowace ƙasa har fam 5,000 na shekara guda, wato tsakanin sefa miliyan 3 da rabi da miliyan 4 gwargwadon canji. Akwai TDR, shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda kan fitar da ƙananan tallafi tare da ofishin Afirka na hukumar, musamman kan yadda za a sa magani ko rigakafin da ake da shi ya isa ga jama'a. Tambayar rana ta biyu da ta uku irin nasu ce sak. TWAS, cibiyar kimiyya ta ƙasashe masu tasowa da ke Italiya, na tallafa wa kimiyyar tushe, kuɗinta kuma sun fi tafiya kan injuna da sinadarai, don haka tambayar dhps ce ta dace da ita, ba ta tattara bayanai ba. A gida kuwa ka riƙa bibiyar sanarwar FARSIT, asusun tallafa wa bincike na ƙasa, da ta jami'a kanta.

Ke ƴar'uwa, akwai ƙofofi biyu da maza ba sa shiga. OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, na ba mata masu digirin dakta da ke farkon aiki har dalar Amurka 50,000. Shirin L'Oréal da UNESCO na matasan Afirka kudu da Sahara na ba mai karatun dakta yuro 10,000, wadda ta gama kuma 15,000.

Sama da nan akwai EDCTP, haɗin gwiwar Turai da Afirka kan gwajin magunguna da aka kafa a 2003, wanda Nijar ke cikinsa, da Science for Africa Foundation da ke Nairobi, da gidauniyar Wellcome ta Ingila wadda tallafinta na masu tasowa kan kai shekara biyar, da albashi, sannan kuɗin aiki har fam 400,000. Waɗannan ba a shigarsu kai kaɗai daga farko. Ana shiga ne a matsayin abokin aiki cikin tawagar wani, a koyi hanya.

Adadin kuɗi da sharuɗɗa kan sauya daga shekara zuwa shekara, sanarwar bana ita ce alƙali. Ka yi rajistar wasiƙar labarai ta kowannensu da adireshin imel da kake buɗewa kullum. Wata dabara kuma da ba kowa ke yi ba: duk maƙalar da ka karanta kan Nijar, ka gangara ƙarshenta inda ake godiya, ka rubuta sunan wanda ya biya kuɗin aikin. Cikin wata guda za ka san masu sha'awar fagenka.

Gargaɗi: mai tallafi na gaskiya ba ya neman ka tura masa kuɗin buɗe dosiye. Saƙon da ya zo ta WhatsApp yana taya ka murnar tallafin da ba ka nema ba, goge shi.

3. Ka karanta sanarwa da biro a hannu kafin ka rubuta ko harafi

Neman tallafi kamar neman aure ne, sai an gama binciken asali ake sauraron zance. Akwai ma'aikacin da aikinsa kawai ya duba ko ka cika sharuɗɗa, kuma in ba ka cika ba, masana ba za su taɓa ganin takardarka ba. Ka buga sanarwar, ka ja layi ƙarƙashin waɗannan: ƙasashen da aka yarda su nema, iyakar shekarun haihuwa, shekara nawa bayan digirin dakta, ko digirin likitanci ya wadatar ko sai na bincike, ko dole ka zama ma'aikaci na dindindin, harshen rubutu, yawan kalmomi, da abin da aka hana saye da kuɗin.

Batun ƙasa yana son kulawa ta musamman a yanzu. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da wani ɓangare na tallafinsu ga Nijar. Ƙasar ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025, ta kuma sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a Maris na shekarar. A Amurka ma an rufe USAID a 2025. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, sanarwar da yayanka ya ci a 2021 mai yiwuwa bana sunan Nijar ba ya cikinta, ko yana ciki amma da sharaɗi. In ka ga an rubuta "ƙasashe mambobi", ka aika gajeren saƙo ga adireshin da ke ƙasan sanarwar ka tambaya kai tsaye, ka kuma ajiye amsar. Layi uku ne, amma za su iya hutar da kai aikin wata biyu.

Sannan ka nemo ma'aunin da masu tantancewa za su yi amfani da shi, galibi yana ƙarshen sanarwar. In sun ba tasirin aiki ga jama'a maki mai yawa, kai ma ka ba shi fili mai yawa.

4. Ka haɗa tawaga, ka nemi jagora

Abin da ba ka iya ba, ka kawo wanda ya iya, ka rubuta sunansa da aikinsa. Ba ka da PCR a Damagaram? Ka nemi abokin aiki a CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, wadda ke cikin haɗakar cibiyoyin Pasteur. Kana son ganin yadda ake gudanar da babban gwaji? Epicentre, sashen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, na nan Maraɗi, su ne suka gwada rigakafin gudawar rotavirus mai jure zafi a Madarumfa, aikin da aka wallafa a 2017. Kano ma ba ta da nisa, kuma abokin aiki a can zai taimake ka da Ingilishi.

In za ka rubuta wa farfesan da bai san ka ba, kada ka aika masa "ina neman haɗin gwiwa" kawai. Ka gaishe shi yadda ya dace, ka ambaci maƙalarsa da ka karanta, ka haɗa da shafi guda mai ɗauke da tambayarka, ka faɗi takamaiman abin da kake so daga gare shi da ranar rufewa. Tun a nan kuma ku yi magana kan wanda sunansa zai zo farko a maƙala, da inda samfurin jini zai zauna, da wanda zai riƙe bayanai. Kunya ce ke hana mu tayar da wannan zance da wuri, daga baya kuma ta zama rigima.

5. Rubutun kansa

Ka fara da shafi guda: matsala, giɓin da ke cikin sani, babbar manufa, ƙananan manufofi biyu ko uku, da abin da zai sauya in an samu amsa. Ka ba wani likita da ba fagensa ba ne ya karanta. In ya kasa maimaita maka abin da za ka yi, ka sake rubutawa kafin ka ci gaba.

Gabatarwa ta zama gajera. Mai tantancewa ya san sauro ke kawo zazzaɓi. Abin da bai sani ba shi ne halin da ake ciki a Dungas.

Sashen hanyoyin aiki shi ne inda ake ci ko a faɗi. Kowace manufa ta samu nata bayani: su wa za a ɗauka, a ina, ta yaya za a zaɓe su, me za a auna, da wane inji, wa zai auna, yaya za a yi nazarin alƙaluman. Yawan mutane kuma a nuna lissafinsa. In ba ka da ƙiyasin farko, ka ɗauki kashi 50 cikin ɗari, da kuskuren kashi 5, da tabbacin kashi 95, zai ba ka mutum 384. In ƙauye-ƙauye za ka zaɓa maimakon mutum-mutum, akan ninka biyu, ya zama 768. Ka ƙara don waɗanda za su ƙi ko a rasa su, kashi goma, wato ka raba 768 da 0.9, ka tashi da wajen 853. Riƙe wannan lamba, za ta dawo mana a kasafi.

Jadawalin lokaci ya bi kalandar ƙasarmu. Aikin zazzaɓi daga Agusta zuwa Oktoba yake, na sanƙarau da rani. Da damina wasu hanyoyin ba sa biyuwa, mutane kuma suna gona tun asuba. Cikin azumi ɗibar jinin manya na wahala. Wanda ya rubuta waɗannan a takardarsa ya nuna ya san filin. Ka ƙara ɗan sashe kan abin da zai iya lalacewa da abin da za ka yi: in kuran ya ɗauke, in sinadarai sun makale a duwan, in tsaro ya hana zuwa wani yanki, wace gunduma ce madadin. Sababbi kan ɓoye wannan don tsoron a ce aikin na da rauni, alhali masu tantancewa sun fi yarda da wanda ya hango matsala.

6. Kasafi

Kada ka fara da adadin da aka ce za a bayar ka dinga cusa abubuwa har ya cika. Ka ɗauki sashen hanyoyin aiki, ka bi shi layi-layi, duk inda aka motsa ka tambayi kanka nawa ne. A misali, in kowane yaro zai ci sefa 5,000 tsakanin gwajin gaggawa, safar hannu, takardar tacewa, esansi da fardiyam, yara 853 sun kai 4,265,000. Kuɗin RSTMH sun ƙare ke nan ba a ko kunna injin PCR ba. Mafita biyu ce: ka rage tambayar zuwa cibiyoyin lafiya ƙalilan, ko ka nemi wani mai tallafin. Rage farashi a takarda don lissafi ya zauna ba mafita ba ce, kai ne za ka cike giɓin daga albashinka.

Farashin kaya ka samo shi daga furoforma ta ƴan kasuwa biyu ko uku, ka ajiye su. Fardiyam ka bi tsarin da ma'aikatarka ke amfani da shi a hukumance. Ga abubuwan da aka fi mantawa: kuɗin ajiye dosiye a kwamitin ɗa'a, fassarar takardar yarda, horon masu tattara bayanai da gwajin fom kafin a fara, ɗan abin da za a ba rele na ƙauye, kabu-kabu inda mota ba ta shiga, gazuwal na gurup, kuɗin intanet, ladan banki a kan kuɗin da ke shigowa daga waje, tafiya Yamai mai nisan kusan kilomita 900 da kwanan da za a yi can, da taron mayar da sakamako ga mutanen da aka ɗebi jininsu da hukumomin lafiya. Kuɗin wallafa maƙala ma ka sa in an yarda, kodayake mujallu da yawa na yafe wa marubutan ƙasashe irin tamu in an roƙa tun lokacin aikawa.

Sinadaran da ke son sanyi su ne ciwon kai. Ka tambayi mai sayarwa ko farashinsa ya haɗa da sufuri da fito, ka kuma fara neman takardar yafe haraji da wuri ta hannun ma'aikatarka. In babu firiza mai tsananin sanyi da za ka dogara da ita, ka tsara aikin a kan busasshen jini a takardar tacewa, da ƴan ƙunshin sinadarin tsotse danshi a cikin leda mai rufewa. Ya fi arha, kuma yana isa Yamai lafiya.

Sai canji. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, don haka tallafin yuro ba shi da fargaba. Dala da fam kuwa hawa suke da sauka. In ka yi lissafi a kan 600 dala ta sauko 560, a tallafin dala 15,000 ka yi asarar sefa 600,000 kana zaune. Ka rubuta canjin da ka yi amfani da shi da ranarsa, ka ɗauki wanda ya ɗan yi ƙasa da na kasuwa.

Akwai kuma kason ma'aikata na kula da kuɗi. Kowane mai tallafi da nasa ƙa'ida: NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, kashi 8 take ba cibiyoyin waje, wasu ƙananan tallafi ba sa bayarwa sam. Ka zauna da kwantabul tun kafin aikawa, ku fahimci juna kan wannan da kuma yadda kuɗi za su riƙa fita. Kada ka yarda a zuba kuɗin furoje a asusunka na kanka sai in mai tallafin ne ya rubuta haka. Kowane layi na kasafi kuma ya samu jimla guda ta dalili: me ya sa mota kwana ashirin, ba goma ba.

7. Izini

Binciken da ya shafi mutum sai ya bi ta Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa da ke Yamai. Yawancin masu tallafi ba sa neman amincewar a ranar aikawa, amma ba sa sakin kuɗi sai da ita, don haka ka ware mata watanni a jadawali. Takardar yarda a fassara ta da Hausar da tsohuwa a Mirya za ta gane, da Barbarci in aikin zai kai Gure. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa gaban shaida, ya dangwala yatsa. Gaisuwar sarki da mai gari wajibi ce, haka sanar da maigida, amma ba sa maye gurbin yardar uwar yaron. In samfuri zai bar ƙasa, sai da yarjejeniyar miƙa samfuri a rubuce tsakanin ma'aikatun biyu. In gwajin magani ne, a yi masa rajista a PACTR, rijistar gwaje-gwajen magani ta Afirka, kafin a ɗauki mutum na farko.

8. Inda ake samun taimakon rubutu

AREF, asusun da aka kafa a 2015 don masu binciken lafiya na Afirka, na shirya horo kan rubuta takardar neman tallafi, ana shiga ta gasa. TDR na da darasin intanet kyauta da kundin koyarwa da Faransanci. In waɗannan ba su samu ba, ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya kawo takardarsa, a ba kowa ma'aunin masu tantancewa ya ba ɗan'uwansa maki ba sani ba sabo. Sharaɗin zaman shi ne a ajiye girma a ƙofa, domin "Malam, ai ya yi kyau" ba ta gyara komai. Ka kuma roƙi wanda ya taɓa ci ya nuna maka takardarsa, ka ga yadda aka gina ta.

In da Ingilishi ake nema kai kuma Faransanci ka yi, ka rubuta da harshen da kake tunani da shi, da gajerun jimloli, sannan a fassara. Manhajar fassara na taimakawa, amma sai mai jin harshen kuma ɗan fagen ya bi bayanta, don takan juya sunayen gwaje-gwaje. Ka duba ƙa'idar mai tallafin kan amfani da irin waɗannan manhajoji, kada kuma ka zuba bayanan marasa lafiya a cikinsu.

9. Aikawa

Ka buɗe shafin aikawa tun makon farko ka ga abin da yake nema. Wasu sai ma'aikatarka ta yi rajista tukuna. Na NIH, alal misali, sai an bi ta SAM.gov da Grants.gov da eRA Commons, abin da kan ci makonni. A wasu kuma, bayan ka danna, sai shugaban ma'aikata ya shiga ya amince kafin wa'adi. Wasiƙar goyon baya ka rubuta daftarinta da kanka ka kai wa shugaba ya gyara ya sa hannu, da saura mako uku, don ranar da ka matsu ita ce ranar da za a ce ya tafi misiyo. Masu ba da shaida a kanka ma ka tuna musu sau biyu.

Ka kula da agogo. Ƙarfe biyar na yamma a Brussels, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, ƙarfe huɗu ne a Damagaram. Ka sa wa kanka wa'adin kwana uku kafin na gaskiya, ka aika da sassafe lokacin da rezo ya fi sauƙi, ka ajiye saƙon da ke tabbatar da an karɓa.

10. Bayan amsa ta zo

Ƙi ya fi karɓa yawa, har ga manyan farfesoshi. In an haɗo da sharhin masu tantancewa, ka bar shi kwana biyu zuciya ta huce, sannan ka kasa shi uku: abin da suka yi gaskiya, abin da ba su gane ba don ba ka bayyana shi da kyau ba, da abin da ya nuna ba ƙofarsu ya kamata ka buga ba. Ka gyara na farko da na biyu, ka kai takardar wani wurin cikin wata uku tun alƙalumanta ba su tsufa ba. In ba a aiko da sharhi ba, ka roƙa cikin ladabi, wasu na bayarwa.

In kuwa an karɓa, kada ka kashe ko dala kafin a sa hannu kan yarjejeniya, don kuɗin da aka kashe kafin ranar farawa galibi ba a mayarwa. Ka karanta ranakun rahoto ka sa su a kalanda. Kuɗi kashi-kashi suke zuwa, kashi na gaba kuma ya dogara da rahoton na baya. Ka sayi babban kaye da abin maƙala takardu tun ranar farko. Kowane rasit a manna shi, a rubuta layin kasafin da ya fito. Inda babu rasit, kamar ɗan kabu-kabu ko rele, a yi takardar karɓa mai suna da kwanan wata da sa hannu ko yatsa. In buƙata ta sa za ka ɗauke kuɗi daga wani layi zuwa wani, ka rubuta wa mai tallafin ka jira amsarsa a rubuce kafin ka taɓa su.